Amsoshin Tambayoyinku: Shin Akwai Akun da Ke Yin Ƙaura?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Gusau. Ina koya wa 'yan aji biyar darasin tsuntsaye masu ƙaura, na ba su misali da shamuwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko aku ma yana ƙaura. Na ce mata a'a, domin a sanina aku tsuntsun kurmi ne, inda yake nan yake. Daga baya wani abokin aikina ya ce ya taɓa kallon wani shiri da aka nuna ɗan ƙaramin aku mai ƙetare teku duk shekara, kuma wai ya kusa ƙarewa a duniya. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, wane irin aku ne, me ke kai shi wannan wahala, kuma me ke ƙarar da shi?

Amsa: Amsar da kika ba ɗalibarki ta yi daidai a kan kusan dukan dangin aku, abokin aikinki kuma gaskiya ya faɗa. Akwai nau'in aku kusan 400 a duniya, yawancinsu a ƙasashe masu zafi, inda 'ya'yan itace da tsaba ba sa yankewa ɗungurungum, don haka babu abin da zai tashe su daga inda suke. Akwai wasu, musamman na busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya, da ke yawo: duk inda aka yi ruwa ciyawa ta yi iri, can suka nufa, bana gabas baɗi yamma. Wannan yawo ne. Ƙaura ita ce irin ta shamuwar da kika ba da misali da ita, lokaci sananne, hanya sananniya, a tafi a dawo. Akun da aka sani da irin wannan tafiya guda uku ne, kuma dukansu ruwa ɗaya suke ƙetarewa, wato mashigin Bass da ya raba tsibirin Tasmaniya da babban yankin Ostiraliya. Ɗaya mai shan ruwan fure ne. Ɗaya mai shuɗin fiffike ne, shi kam wasu daga cikinsu ne ke tafiya, wasu su zauna. Na ukun shi ne wanda abokin aikinki ya gani, akun ciyawa mai ruwan goro a ciki, wanda masana ke kira Neophema chrysogaster.

Ki cire hoton babban aku mai toka-toka da jan wutsiya daga ranki. Wannan ɗan mitsitsi ne, tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kimanin santimita 20, nauyinsa kuma wajen giram 45. Bayansa kore ne shar, ƙirjinsa kore mai haske da ke komawa rawaya yayin da aka gangara, sannan tsakanin ƙafafunsa akwai tabo mai ruwan goro. A goshinsa akwai siririn layi shuɗi, gefen fukafukansa ma shuɗi ne mai duhu. Launin mace bai kai na namiji fitowa ba, 'yan bana kuma sun fi kowa dusashewa. Ba a san shi da kwaikwayon maganar mutane ba. Idan an firgita shi yakan tashi sama a miƙe yana wata ƙara mai kaushi, a jere da sauri, kuma da wannan ƙarar masu bin tsuntsaye ke bambanta shi da 'yan uwansa, don daga nesa kamanninsu ɗaya ne. Dangin nasa nau'i shida ne, duka a Ostiraliya, kuma ana ce musu akun ciyawa saboda a ƙasa suke kiwo, suna tafiya cikin gajerun tsirrai suna tsintar iri. Wani masani ɗan Ingila, John Latham, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1790.

Kafin mu bi shi hanya, sai ki tuna cewa lokutan shekara a can kishiyar namu ne, domin suna kudu da tsakiyar duniya. Disamba da Janairu su ne watannin ɗumi, Yuni da Yuli kuma tsakiyar hunturu.

Gidan haihuwarsa yana kusurwar kudu maso yammacin Tasmaniya, kuma a yau wuri ɗaya tak ya rage da aka san yana hayayyafa a daji, wani kwari da ake kira Melaleuca. Babu hanyar mota zuwa can. Ko dai mutum ya shiga ƙaramin jirgin sama daga birnin Hobart, ko ya bi ta ruwa, ko ya yi tafiyar ƙasa ta kusan mako guda a gaɓar teku. Ƙasa ce mai ruwan sama da ya haura milimita 2,000 a shekara, da iska mai ƙarfi daga yamma, da filaye masu dausayi waɗanda wata ciyawa mai tsayawa dunƙule-dunƙule ta rufe. A bakin rafuka akwai 'yan kurame na bishiyar turare, dangin wadda ake dasawa a garuruwanmu, don asalin turare daga Ostiraliya yake. A kogon irin waɗannan bishiyoyi tsuntsun ke sheƙa, a fili kuma yake kiwo. Yana buƙatar biyun kusa da juna.

Suna fara isowa daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Mace ce ke zaɓar kogo ta share shi, ta yi ƙwai huɗu ko biyar, wani lokaci shida, tana tsallake kwana ɗaya tsakanin kowane ƙwai da na bayansa. Ita kaɗai ke kwanci, kimanin kwana 21. Duk tsawon wannan lokaci namiji ne ke kiwo, ya dawo ya kira ta, ta fito ya juye mata abin da ya tara baki da baki, ta koma. Bayan ƙyanƙyasa takan ƙara kwanaki kamar goma tana rufe 'yan tsakin, daga nan su biyun su shiga jigilar abinci. Cikin mako huɗu zuwa biyar 'ya'yan sun fito sun fara tashi, wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Ɗan da ya rayu, shekara na zagayowa shi ma zai yi sheƙa. Dole ne ya yi sauri, domin a daji matsakaicin ransu bai kai shekara uku ba. Tsuntsun da ya samu damar haihuwa sau biyu ko uku ya yi sa'a.

Akwai wani abu game da filin kiwon nan da ya ɗauki masana lokaci kafin su ba shi muhimmancin da ya kamata, wato wuta. Ƙananan tsirran da akun ya fi son irinsu suna bunƙasa ne a 'yan shekarun farko bayan gobara ta share fili. In aka daɗe ba a ƙone ba, manyan ciyayi da sarƙaƙiya su rufe su, abinci ya ragu. Mutanen asali na wannan yanki, Needwonnee, sun shafe dubban shekaru suna ƙona filayen kaɗan-kaɗan, yanki bayan yanki, ta yadda kullum akwai wani sashe mai sabon toho. A shekarun 1830 Turawan mulkin mallaka suka kwashe ragowar mutanen asali daga ƙasarsu, wutarsu ta mutu tare da tafiyarsu. Daga baya masu haƙar kuza suka ɗan ci gaba da ƙone-ƙone a kewayen Melaleuca. Fitacce a cikinsu shi ne Deny King, wanda ya zauna a wurin shekaru da dama har rasuwarsa a 1991, ya share filin saukar jirgi, ya kuma kasance mai lura da tsuntsayen, har rumfar kallon tsuntsaye da ke wurin take ɗauke da sunansa. A yau hukumar gandun daji ta Tasmaniya ta koma ƙona filayen bisa tsari domin akun ya samu abinci. Da tsohuwar zuma ake magani. Ina ganin wannan yana da kyau a faɗa wa yara: ba kowane daji ba ne ke lafiya idan mutum ya janye hannunsa, kuma zaluncin da aka yi wa waɗancan mutane har tsuntsu ya shafa.

To, me ke tashin sa daga nan? Hunturu. Idan Afrilu ta wuce, kudu maso yammacin Tasmaniya sai sanyi da ruwa da gajerun ranaku, tsirrai sun zubar da iri, ɗan tsuntsu mai giram 45 ba zai tara abin da zai riƙe zafin jikinsa har gari ya waye ba. A daidai lokacin kuma, can arewa a gaɓar jihohin Biktoriya da Ostiraliya ta Kudu, tsirran fadamun gishiri na fara nuna. Saboda haka sai a kama hanya.

Manya ne ke fara tashi, a Fabrairu da Maris. 'Yan bana suna biyo baya bayan 'yan makonni, a Maris da Afrilu, ba uwa ba uba, ba wanda ya taɓa zuwa a cikinsu. Ki duba wannan da kyau, Malama. Tsuntsun da watanni biyu ko uku da suka wuce yake cikin ƙwai, shi ne zai doshi arewa, ya bi gaɓar yammacin Tasmaniya yana yada zango yana tsintar iri a bakin teku, har ya kai kusurwar arewa maso yamma inda ƙasa ta ƙare. Daga nan sai ƙananan tsibirai, sai tsibirin King da ke tsakiyar mashigin, inda akwai 'yar fadamar gishiri da sukan sauka su huta. Faɗin mashigin Bass ya kai kilomita 240, kuma ko da an yada zango a tsibirin King, akwai ruwa zalla na kusan kilomita 90 tsakaninsa da gaɓar Biktoriya. Ruwa ne da matuƙan jiragen ruwa suka sani da hauka. Aku ba ya iyo, ba ya sauka a kan ruwa. Idan ya tashi, sai dai ya kai ko ya faɗa. Daga Melaleuca zuwa inda yawancinsu ke hunturu kimanin kilomita 600 ne a miƙe, waɗanda suka zarce yamma kuma su ƙara ɗaruruwa a kai. Sanin alƙiblar da za a dosa a cikin halittarsa yake, Allah ya sa masa, ba koya masa aka yi ba.

Za ki iya tambaya, me ya sa tsuntsun ƙasa zai zaɓi hanyar da ta ratsa teku? Wani bayani da ake yi shi ne hanyar ta girmi tekun. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, ruwan teku ya yi ƙasa sosai, Tasmaniya tana haɗe da Ostiraliya ta wani shimfiɗaɗɗen fili, har mutane suka taka da ƙafa suka shiga. Da ƙanƙara ta narke ruwa ya riƙa hawa sannu a hankali, kimanin shekara 12,000 da suka wuce ya raba su. Tsuntsayen da suka saba sauka arewa da hunturu su koma kudu da ɗumi suka ci gaba da abin da suka saba, ruwan yana ƙara faɗi a ƙarƙashinsu tsara bayan tsara. Wannan na iya kuma bayyana abin da ya sa duka akun nan uku masu ƙaura a wuri ɗaya suke.

Masaukin hunturu wuri ne da yawancin mutane ba za su kalla sau biyu ba. Fadamar gishiri fili ne a bakin teku, wanda ruwa ke hawa ya janye, ƙasa mai laka da gishiri, babu bishiya, sai gajerun tsirrai masu gaɓa-gaɓa da suka iya jure ruwan gishiri. Kowane irin tsiro da lokacin da yake ba da iri. Wani a farkon hunturu, wani a tsakiya, wani sai can ƙarshe. Akun yana bin su bi da bi, kuma yana buƙatar ruwan sha mai daɗi a kusa, da 'yan duhuwoyi da zai kwana a ciki. Ba a cika ganinsa nesa da teku ba, yawanci cikin 'yan kilomita kaɗan daga gaɓa. Wuraren da aka fi saninsa su ne yammacin gaɓar Port Phillip kusa da birnin Melbon, da tafkin Connewarre, da Swan Bay, da kuma yankin Coorong a Ostiraliya ta Kudu. Ɗaya daga cikin mafi amincin masaukansa shi ne babban filin tace ƙazantar ruwan Melbon da ke Werribee, wanda ke karɓar kusan rabin ruwan dattin birnin. Saboda an killace shi, ba a yi gine-gine a bakin tekunsa ba, fadamarsa ta tsira. Wannan gaɓa tana cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa, jerin da dausayin Hadejia da Nguru ma yake ciki.

Yanzu ga ɓangaren tambayarki mai nauyi. Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarni na 19 da farkon na 20 an ruwaito ganin wannan tsuntsu da yawa, har kusa da birnin Sidni ta gabas. Zuwa shekarun 1980 ana ƙiyasta ba su wuce 200 ba. A 2010 sun gaza 50. A 2016 waɗanda suka dawo Melaleuca ba su kai 20 ba, kuma mata uku ne kacal a cikinsu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya da dokar muhalli ta Ostiraliya duk sun sa shi a matakin da ke dab da ƙarewa.

Dalili na farko shi ne fadamar. A gaɓar da ke tsakanin Melbon da birnin Adelaide Turawa suka zauna, suka yashe fadamu suka mayar da su makiyaya da gonakin gishiri da tashoshin jiragen ruwa da masana'antu da unguwanni. Abin da ya rage guntu-guntu ne, nesa da juna. Tumaki da shanu da zomaye sun tattake wasu, baƙin ciyayi sun mamaye wasu, fari mai tsawo da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009 ya rage ruwan daɗin da ke shiga su. Sannan ga kyanwoyi da yanyawar Turai da aka shigo da su ƙasar, kuma tsuntsun da ke kiwo a ƙasa abin farautarsu ne mai sauƙi. Ga ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, su ma baƙi daga Turai, suna rabon abincin da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a nuna a ce shi kaɗai ne. Taruwa suka yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da zoben ƙafa ya nuna. Shekaru da yawa ke nan kusan duk ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a Melaleuca ana sa masa zobe mai launi da harafi, kuma masu aikin sa kai suna zama safe da yamma da madubin hangen nesa a gaban teburan da ake zuba iri, suna rubuta wanda ya zo. Don haka an san kowane tsuntsu ɗai-ɗai, an san wanda ya tafi da wanda ya dawo. Da Dejan Stojanovic na Jami'ar Ƙasa ta Ostiraliya da abokan aikinsa suka bi wannan rajista, sai suka ga rayuwar manya ba ta sauya sosai ba, amma ta 'yan bana ta faɗi warwas. A 1995 kimanin kashi 51 cikin 100 na 'yan bana ke tsallake shekararsu ta farko. Zuwa 2017 abin ya koma kashi 20. Wato a cikin kowane biyar da suka tashi, huɗu ba sa dawowa. Haihuwa a Tasmaniya tana tafiya daidai, ana samun 'ya'ya. A hanya da masaukin hunturu ake asarar su.

Ɗaya daga cikin bayanan da ake yi wa wannan asara yana da ban tausayi: ƙarancin da kansa ya zama cuta. Ɗan bana ya san inda arewa take, amma bai san wace fadama ce ke da iri a Yuni ba, bai san inda ruwan sha yake ba. A da, yana sauka zai tarar da garken manya ya shiga cikinsu, ya ci inda suke ci, ya tashi idan suka tashi, idanu da yawa suna gadi yayin da kawuna ke ƙasa. Yanzu tsuntsaye 'yan gomiya ne suka watsu a gaɓa mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Yaro na iya sauka ya ƙare hunturu bai ga ɗan uwansa ko ɗaya ba.

Ba a naɗe hannu ba. Tun 1984 aka fitar da shirin ceto shi, irinsa na farko da aka yi wa wata halitta guda a Ostiraliya, a 1986 kuma aka fara kiwonsa a keji a Tasmaniya. Daga baya gidajen namun daji irin su Healesville da Adelaide da Moonlit suka shigo, a 2019 kuma gwamnatin Tasmaniya ta buɗe sabon wurin kiwo a Five Mile Beach kusa da Hobart. Na keji yanzu ɗaruruwa ne, sun ninka na daji sau da yawa. A Melaleuca an rataya akwatunan sheƙa a bishiyoyi, kuma kusan duk haihuwar da ake yi yanzu a cikinsu ake yi. A 2011 an ɗebo 'yan tsaki 21 daga daji aka kai keji don a ƙara sabon jini, shawara mai ɗaci ga jama'ar da ba ta kai 50 ba, amma an ji tsoron kada a wayi gari na daji sun ƙare, na keji kuma duk 'yan gida ɗaya ne.

Sai dai keji yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne nake ganin darasin wannan tsuntsu yake. Tsakanin 1999 da 2009 an saki fiye da 400 a wani wuri da ake kira Birch's Inlet, arewa da Melaleuca, da fatan kafa gida na biyu. Sun yi sheƙa, sun yi 'ya'ya, amma masu dawowa daga ƙaura ba su taɓa isa su riƙe wurin ba, aka haƙura. An kuma lura cewa manyan da aka raina a keji, idan an sake su a farkon lokacin haihuwa, suna yin ƙwai su raini 'ya'ya, amma kaɗan ne ke tsira daga tafiya. Wani binciken da aka buga a 2023 ya nuna wani abin da ido ba ya gani da sauri: tsinin fiffiken tsuntsayen keji ya ɗan bambanta da na daji, kuma 'yan banan da fiffikensu ya yi kama da na daji sun fi sauran tsira daga ƙaurar farko kusan ninki uku. Bambancin 'yan milimita ne a tsawon gashin fiffike. A keji ba ya hana komai, amma a kan ruwan kilomita 90 shi ke raba mai kaiwa da mai faɗawa. Ga kuma cuta. A 2014 cutar da ke lalata baki da gashin aku ta ɓulla a cikin na daji. A farkon 2017 wata ƙwayar cuta da ta shiga tsirarren irin da ake ba su ta kashe 16 a wurin kiwo na Taroona. Haihuwa tsakanin dangi na kusa kuma tana kawo ƙwai marasa ɗa, tana rage ƙarfin jure cuta.

A ra'ayina, wanda ya ce an ceci wannan tsuntsu saboda akwai ɗaruruwa a keji bai fahimci abin da ake ƙoƙarin cetowa ba. Abin da ya bambanta shi da sauran aku kusan 400 shi ne tafiyar, da fiffiken da tafiyar ta sassaƙa, da garken da ke karɓar yaro a bakin fadama. Waɗannan ba a ajiye su a keji. Kiwon keji yana sayen lokaci ne, kuma lokacin yana da daraja ƙwarai, amma sai an yi amfani da shi wajen gyara hanya da masauki.

Gyaran hanya kuwa shi ne mafi wuya, domin hanyar ta ratsa jihohi uku da gonakin mutane da filayen da masu jari ke so. Sunan wannan ɗan tsuntsu ya sha shiga rigimar siyasa. A shekarun 1990, lokacin da gwamnatin Biktoriya ta so mayar da wata ma'ajiyar sinadarai zuwa Point Lillias, kusa da inda yake hunturu, Firimiyan jihar na lokacin, Jeff Kennett, ya yi masa ba'a a bainar jama'a, daga ƙarshe aka fasa aikin. A 2006 ministan muhalli na tarayya, Ian Campbell, ya hana kafa injinan samar da lantarki daga iska a Bald Hills da sunan kare akun, alhali binciken da aka yi ya nuna haɗarin wurin gare shi kaɗan ne ƙwarai, kuma kafin shekarar ta ƙare ya janye. Wannan ya cuci tsuntsun, domin ya sa jama'a suka riƙa ɗaukar sunansa a matsayin hujjar 'yan siyasa. Batun tsibirin Robbins daban ne, don shi a kan hanyar ƙaurar yake, a kusurwar arewa maso yammacin Tasmaniya. A 2022 hukumar kare muhalli ta jihar ta amince a kafa injinan iska a can da sharaɗin a tsayar da su wata biyar duk shekara a lokutan wucewar tsuntsun, a 2023 kuma wata kotun sauraron ƙorafi ta jihar ta soke sharaɗin. Tambaya ce mai wuya da gaske, domin lantarkin iska yana rage ɗumamar duniya, ɗumamar kuma tana ɗaga ruwan tekun da zai iya shanye ragowar fadamun. Amma jama'ar da ba ta kai 100 ba, mutuwar mace ɗaya a cikinta babban rashi ne, kuma wanda ke son gini a kan hanyarsu shi ya kamata ya nuna cewa ba zai cutar ba.

Labarin 'yan shekarun nan ya ɗan yi daɗi. Masu aikin sun sauya dabara. Suna sakin mata na keji a farkon lokacin haihuwa don maza na daji su samu abokan sheƙa. Sun gwada sa 'yan tsakin keji a sheƙar iyayen daji. Mafi amfani kuma, suna sakin 'yan banan keji da yawa a Melaleuca a ƙarshen lokacin ɗumi, su gauraya da 'yan banan daji su tashi tare, kuma an ga suna tsira kusan daidai da na dajin. A gaɓar Biktoriya ma an gwada sakin 'yan garke da hunturu don masu isowa su tarar da jama'a. A 2020 tsuntsaye 51 suka dawo Melaleuca, a 2021 suka kai 70, a 2024 suka haura 90. Daga ƙasa da 20, wannan aiki ne na a yaba.

Amma da sauran rina a kaba. Ƙaruwar ta fito ne daga yawan waɗanda ake turawa hanya, kuma har yanzu mafi yawan 'yan bana ba sa dawowa. In aka daina saki, lissafin zai koma inda ya fito. Shi ya sa a 'yan shekarun nan aka fara liƙa wa wasu tsuntsayen wata 'yar na'ura mai aika sigina, mara nauyi, aka kuma kafa tashoshin karɓa a gaɓar Tasmaniya da tsibiran mashigin da gaɓar Biktoriya, don a gano inda suke sauka, da kwana nawa suke yi, da kuma daidai inda ake rasa su.